WAƘAR RAƊA A ƘASAR DA AKE KURURUWA



Mun san tun daga farko cewa maganar da za mu yi ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin za mu taɓa abin da yake cikin aljihun kowannenmu. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka muna roƙon mai karatu ya cire abin da ya toshe kunnensa da shi na ɗan lokaci, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci.

A hutun da ya wuce, wasu daga cikinmu 'yan Tambuwal da Kebbe muka shiga mota ɗaya daga Sakkwato za mu gida. Tun kafin mu kai Boɗinga kowane saurayi a cikin motar nan ya zaro 'yar igiyar sauraro ya cusa a kunne, ya lumshe ido, ya jingina kai. A gaba akwai wani dattijo manomi. Ya juyo ya yi maganar tsadar taki, babu wanda ya tanka. Da muka wuce Shagari ya sake juyowa ya yi maganar ƙauyukan da aka tasa, nan ma shiru. Daga nan har Dogon Daji bai ƙara buɗe baki ba. Mun tuna muna yara, idan aka shiga irin wannan mota direba ne yake zaɓar kaset, ko Shata ko Ɗanƙwairo, kuma kafin a yi nisa sai ka ji fasinjoji sun zama 'yan amshi, wanda bai san wani ba ya san shi, a yi gardama a kan ma'anar wani zambo har a sauka. Yau mutum bakwai ne a mota ɗaya, amma kowa yana tafiyarsa shi kaɗai.

Bayan kwana uku muka je ɗaurin auren wani abokinmu a wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. An ɗauko janareta da manyan lasifikoki biyu da wani yaro mai kwamfutar tafi-da-gidanka. Da la'asar sai ga wani tsoho da kalangunsa a hammata, 'ya'yansa biyu na biye da shi. Ba a gayyace shi ba, don a al'ada irinsa ba ya jiran gayyata. Kakansa ya yi wa kakan ango kiɗa. Ya tsaya daga gefe ya buga taken gidan. Ƙarar janareta ta haɗiye shi. Abin da yake fita daga lasifika kuwa wata murya ce siririya, mai hucin numfashi, tana shawagi a kan wani kiɗa mai taushi kamar auduga, tana maimaita kalmomi huɗu ko biyar a kan zuciya da hawaye. Wani daga cikin abokan ango ya miƙa wa tsohon 'yar takardar kuɗi kamar mai sallamar almajiri. Ya karɓa, ya rataya kalangunsa, ya juya. Biki ma bai kai magariba ba aka watse, domin a wannan yanki yanzu mai hankali ba ya bari dare ya riske shi a hanya. Wato a garin da tsoro ya hana mutane hirar dare, waƙar da muka zaɓa mu saurara ita ce wadda ba ta san akwai tsoron ba.

Wannan irin kiɗa shi muka sa wa suna waƙar raɗa. Siffarsa sananniya ce. Babu ganga mai tsinka jiki, babu murya mai tashi daga ƙirji. Sauti ne na na'ura da ake ja shi ya yi tsawo kamar hazo, sai 'yar ƙwanƙwasa a ƙasa-ƙasa, sai mawaƙi ya manna baki da makirufo yana furzar da kalmomi rabinsu iska, sannan kwamfuta ta goge muryar ta yi mata kwalliya, ta ƙara mata amsa-kuwa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Akwai na Turawa, akwai na Larabawa da Indiyawa, akwai kuma namu na Hausa da ake haɗawa a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano da Kaduna da Jos, ana tura mana shi a rumfar mai cajin waya a kasuwar Tambuwal.

Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka ya kamata mu san inda abin ya faro. Kafin shekarar 1925, duk mai son a ɗauki muryarsa a faifai dole ya ɗaga ta cikin wani babban mazurari. Da aka fara ɗaukar sauti da lantarki a wannan shekara, sai makirufo ya ba mai ƙaramar murya damar ya yi raɗa a ji shi a ko'ina, har aka sami mawaƙa irin su Bing Crosby a Amurka waɗanda suka yi suna da rera waƙa ƙasa-ƙasa. A 1934 aka kafa kamfanin Muzak a can Amurka, wanda sana'arsa ita ce sayar wa masana'antu da otal-otal da kantuna kiɗan da zai riƙa gudana a bayan fage, don ma'aikaci ya yi aiki ba gunaguni, mai saye kuma ya daɗe a kanti. A 1978 wani Bature ɗan Ingila, Brian Eno, ya fitar da faifan da ya kira kiɗan filayen jirgin sama, kuma shi da kansa ya bayyana cewa burinsa shi ne kiɗan da mutum zai iya yin biris da shi kamar yadda zai iya sauraronsa. A 1997 kamfanin Antares ya fito da manhajar Auto-Tune mai daidaita muryar da ta kauce, kuma a shekarar da ta biyo baya waƙar wata mawaƙiya mai suna Cher ta nuna wa duniya cewa ana iya mayar da muryar ɗan Adam ta koma kamar ta ƙarfe, mutane su saya.

Mu kuma a nan gida ta wata ƙofa abin ya shigo mana. Iyayenmu sun sha kallon finafinan Indiya a gidajen silima tun shekarun 1960, kunnensu ya saba da siririyar muryar 'yan matan can. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a Kano a 1990, ba a daɗe ba fiyanon Yamaha ya zama shi ne makaɗin masana'antar, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙar fiyano ita ke sayar da kaset. Daga nan aka shiga zamanin nanaye, namiji ya rera mace ta amsa. Da wayar hannu ta zo da katin ajiya da abin toshe kunne, sai kiɗan ya bar dandali ya koma cikin kwanyar mutum ɗaya. Abin da ake saurare a cikin kunne ba ya bukatar ƙarfi, saboda haka kullum sai ƙara laushi yake yi, har muka iso inda muke yau.

To, mene ne laifin wannan kiɗa? Muna tuhumarsa da laifi huɗu.

Laifi na farko, ya kashe amshi. Duk wanda ya san kiɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi ya san cewa waƙa aikin gayya ce. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Aliyu Ɗandawo, kowannensu jagora ne a tsakiyar mutanensa: shi ya fara ɗiyan waƙa, su su karɓe su ƙarasa, sanƙira yana gefe yana fassara wa jama'a abin da ake nufi. A cikin wannan tsari yaro yake koyon sana'a shekara da shekaru, daga ɗaukar kaya zuwa amshi, daga amshi zuwa kiɗa, har ranar da zai ja nasa ayari. Gida goma suna iya cin abinci daga ƙungiya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan baki ɗaya ba ya ɗaukar waƙar fada. Yanzu kuwa mutum ɗaya da kwamfuta ɗaya shi ne makaɗi, shi ne ɗan amshi, domin muryarsa yake ninkawa ta amsa wa kanta. 'Ya'yan tsohon nan mai kalangu da muka gani a Kebbe, wa zai ce musu su ci gaba da bin ubansu? Ɗaya zai tafi acaba, ɗaya zai tafi cirani Legas, kuma ranar da tsohon ya kwanta dama, taken gidaje hamsin zai bi shi kabari. Masu karatu su lura, kalangu magana yake yi. Harshenmu mai karin sauti ne, kuma makaɗi yana matse tsarkiya ya sassauta ta har fatar ta faɗi sunan mutum da na kakansa. Mahauta suna da takensu, maƙera da nasu, manoma da 'yan dambe da mafarauta kowa da nasa. Wannan ma'ajiyar tarihi ce da ba a rubuta ba. Fiyano yana iya kwaikwayon amon kalangu, amma bai san sunan kakan kowa ba.

Laifi na biyu, ya talauta harshe. Ba mu yarda da masu cewa waƙar soyayya ita ce matsalar ba. 'Yan matan ƙauyenmu sun daɗe suna waƙar samari a dandali, kuma da azanci suke yi. Matsalar ita ce a waƙar raɗa kalma ba ta da aiki illa ta cika gurbin sauti. Ku ɗauki waƙoƙi goma daga wayar kowane ɗalibi a ɗakin kwananmu, ku rubuta kalmominsu a takarda, ku ƙirga sau nawa zuciya da ƙauna da hawaye da mafarki suka dawo, sannan ku nemo karin magana ɗaya, ko habaici ɗaya da zai sa mutum ya kwana yana tunani. Malamanmu irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza sun rubuta littattafai sukutum a kan makaɗan baka, domin a cikin ɗan waƙa ɗaya na Narambaɗa akwai tarihi da falsafa da sanin halin doki da na sarauta. Wane littafi za a rubuta a kan numfashi? Bugu da ƙari, ina Sakkwatanci ya tafi? Manyan makaɗan da muka lissafa da harshen iyayenmu suka yi waƙa, da munka da sunka da shina da wanga, kuma Bakano da Bazazzagi da Badamagare suka haddace ba tare da sun nemi a sauya musu ba. Yau yaron Jabo ko Sanyinna ko Kuchi idan ya tara kuɗi ya shiga situdiyo, abu na farko da yake yi shi ne ya wanke bakinsa daga harshen uwarsa, wai kada a ce masa baƙauye. Alhali kuwa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Laifi na uku, kuma shi ya fi ci mana rai, shi ne kurumtar da yake koya mana. Kowa ya san halin da jiharmu take ciki. A watan Satumba na 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. A watan Oktoba na wannan shekara aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo, a watan Disamba kuma aka ƙone matafiya da ransu a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Ƙauyukan Kebbe da suke maƙwabtaka da dazukan Zamfara sun ga satar shanu da satar mutane da gudun hijira, gonaki da yawa sun koma saura. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka yi tashin gwauron zabo. A duk tsawon wannan lokaci me muke saurare? A watannin da babu layin waya ma waƙar raɗa ba ta yanke ba, daga waya zuwa waya take tsallakawa. Ba mu ce babu mawaƙin da ya yi kukan Arewa ba, akwai su, kuma Allah ya saka musu. Amma ku duba abin da ya fi yawa a aljihunmu. Al'ummar da ake yi wa yankan rago, 'ya'yanta masu ilmi suna kwance a ɗakunan kwanan jami'a ana yi musu raɗa a kunne har barci ya ɗauke su. Mun karanta yadda Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, take tsara waƙoƙi ta ba jajis su kai wa matan ƙauyuka, su haddace su karantar da wasu. Tambuwal kanta garin ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, wanda shi ma sha'iri ne. A wannan ƙasa an san waƙa da ɗaukar saƙo a ka ta kai shi inda takarda ba ta zuwa. Mu ne zuriyar farko da ta mayar da ita matashin kai.

Laifi na huɗu ya shafi wanda yake cin riba. Kiɗan da aka yi don kada a saurare shi da kyau, ba ya bukatar a san mai shi, kuma wannan shi ne abin da 'yan jari-hujja suka fi so. Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin, wanda ya shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2021, yana jera wa mutane waƙoƙi bisa yanayi: na barci, na karatu, na hutawa. A 2025 wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Liz Pelly, ta fitar da littafi inda ta ba da rahoton cewa ana cusa wa irin waɗannan jerin kiɗa mai araha da ake sayowa daga wasu kamfanoni a ƙarƙashin sunayen mawaƙan da babu su. A cikin shekarar 2025 ɗin kuma aka sami wata ƙungiyar mawaƙa mai suna Velvet Sundown da ta tara masu saurare fiye da miliyan ɗaya a wata, daga baya ta tabbata cewa ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ce ta haɗa waƙoƙin da hotunan mawaƙan baki ɗaya. Mun sani mutumin Kebbe ba da Spotify yake saurare ba, ya fi sanin katin ajiya da YouTube da TikTok. Amma darasin ɗaya ne, kuma muna so 'yan'uwanmu masu shiga situdiyo su ji shi da kyau. Duk mawaƙin da ya goge muryarsa har ta zama ba a bambanta ta da ta wani, ya goge harshensa har ba a san garinsu ba, to ya riga ya share wa na'ura hanyar da za ta karɓe abincinsa. Jiya fiyano ya kori mai kalangu, muka yi shiru. Gobe kwamfuta za ta kori mai fiyano, kuma ba za ta nemi ko kuɗin shayi ba. Wannan shi ne ci-gaban mai haƙan rijiya.

Yanzu bari mu juya ga masu ja da mu, domin mun zauna da su a ɗakin cin abinci da gindin bishiya, mun ji hujjojinsu, kuma wasu suna da nauyi.

Suna cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mu tsofaffi ne tun muna da ƙuruciya. Mun yarda zamani riga ne. Amma ba mu da faɗa da na'ura, kuma ga shaidarmu daga maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar akwai wani bawan Allah, Mamman Sani, wanda ya mallaki wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, wato shekarar da Brian Eno ya fitar da nasa faifan. Kiɗansa mai sanyi ne ƙwarai, har gidajen rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa shi a tsakanin shirye-shirye. Amma da karin waƙoƙin makiyaya da na mutanen sahara ya gina shi, duk wanda ya ji ya san daga wace ƙasa ya fito. Shi ya sa da wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta karɓe shi hannu bibbiyu. Abin kunya ne a ce sai Bature ya taso daga ƙetaren teku ya tono mana namu kafin mu san darajarsa. A nan gida ma Aminu Ala da fiyano yake waƙa, amma ba wanda zai ce bakinsa babu Hausa. Saboda haka laifin ba na ƙarfe ba ne, na hannun da yake taɓa shi ne da kunnen da ya yarda da kowace irin miya.

Suna cewa mutane suna cikin ƙunci, suna bukatar abin da zai sanyaya musu rai. Wannan gaskiya ce, kuma ba za mu raina ta ba. Wanda aka sace ƙaninsa, ko wanda ya kasa biyan kuɗin makaranta, ba za mu hana shi abin da zai sa ya runtsa ba. Bahaushe ma yana da kiɗansa mai sanyi: sarewar makiyayi da yamma, da gurmi, da garaya, da shantun 'yan mata, da waƙar da uwa take yi wa jariri a baya. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da ɗan kuntiginsa, ba ɗan amshi ko ɗaya, muryarsa kuma ba ta tsawa ba ce. Amma da wannan 'yar murya ya tsaya wa karen mota da talaka har manya suka ji. Ashe ana iya yin magana a hankali kuma a faɗi wani abu. Bambanci yana tsakanin maganin da yake rage zafi don majinyaci ya tashi, da wanda yake sa shi barci don kada ya tambayi likita.

Suna cewa makaɗan da muke yabo 'yan bambaɗanci ne, sun ƙare rayuwarsu suna wasa sarakuna da masu kuɗi, wasunsu ma har ɓarayi suka yi wa kirari. Ba mu musa ba, kuma mu ɗalibai ba 'yan amshin sarauta ba ne. Amma makaɗin fada yana da zambo a ɗaya hannun, kuma a cikin yabon ma yana gaya wa sarki abin da ake jira daga gare shi, a gaban jama'a, inda ba zai ce bai ji ba. Ɗan Anace kuwa manoma da 'yan dambe ya ɗaukaka, har sunan Shago ya wuce na hakimai da yawa. Idan gādon nan yana da datti, wanke shi za mu yi, mu juya bakinsa ya fuskanci talaka. Ba a zubar da jariri tare da ruwan wanka ba a kowace ƙasa, balle a ƙasar da jariran suka yi ƙaranci.

Akwai kuma wasu da za su karanta wannan su ce madalla, ai dama kiɗa duk a hana shi. Muna gaya musu tun yanzu cewa ba tafiyarmu ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2024 Hedikwatar Tsaro ta ƙasa ta sanar da ɓullar 'yan ta'addan da ake kira Lakurawa a sassan Sakkwato da Kabi, kuma rahotanni daga yankin Tangaza da Gudu sun nuna suna bincika wayoyin samari suna dukan wanda suka samu da waƙa. Mai bulala yana so mu yi shiru don tsoro, ɗan kasuwa yana so mu yi shiru don daɗi. Duk inda aka bi, shirun ne ake nema daga gare mu, kuma shi ne ba za mu bayar ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke wannan rubutu, wayoyinmu cike suke da irin waƙoƙin da muke suka, kuma a cikin motar nan ta Tambuwal har da mu a masu toshe kunne. Mu 'yan boko mu ne muke ɗaukar mai lasifika a bikinmu mu bar makaɗin gidanmu a rana. Mu ne muke zuwa aji mu rubuta jarrabawa a kan adabin baka, mu ci maki, mu fito mu ji kunyar a ji kotso yana tashi daga ɗakinmu. Saboda haka gyara daga kanmu zai fara, kuma ga abin da muke kira a yi.

Kowane ɗalibi ɗan Tambuwal da Kebbe, da ma na sauran ƙananan hukumomi, idan ya je hutu ya nemi makaɗin garinsu, ya gaishe shi da ladabi da ɗan abin hannu, ya nemi izininsa, ya ɗauki kiɗansa da wannan wayar da yake sauraron raɗa da ita. Ya tambaye shi taken kowane gida da ma'anarsa, da wanda ya koya masa, ya rubuta. Ƙungiyar ɗalibai ta tattara waɗannan ta miƙa kwafi ga sashen koyar da harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da sunan kowane makaɗi a jikin aikinsa, don kada gobe wani ya sayar da shi a ƙetare mai shi yana kwana da yunwa. Duk taron da ƙungiyarmu za ta shirya, a ware wa makaɗan baka wuri da kuɗi daidai da na mai lasifika, kuma a kashe janareta idan sun fara. 'Yan'uwanmu ma'aikata da suke sassan al'adu na ƙananan hukumomi da gidan Rediyon Rima, su tuna cewa tsofaffin faya-fayai da kaset suna ruɓewa, kuma mayar da su cikin kwamfuta bai kai kuɗin labulen ofis ɗaya ba. Ku kuma 'yan'uwa masu fasahar haɗa sauti, ba mu ce ku jefar da fiyano ba. Ku kira mai kalangu da mai kotso cikin situdiyo, ku biya su, ku bar muryoyinku da tsagarsu ta gado, ku yi waƙa da harshen da kuke yi wa iyayenku magana da shi, ku faɗi abin da yake faruwa a hanyar Kebbe. In kun ga dama ku faɗe shi a hankali, amma ku faɗe shi.

Har yanzu muna tuna dattijon nan na gaban mota. Da muka iso tashar Tambuwal ya sauka, ya ɗauki buhunsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya ba da sa'ar karatu. Babu wanda ya ji shi sai mutum ɗaya da cajin wayarsa ya ƙare. Idan hutu ya zagayo kuka shiga mota, muna roƙonku ku bar kunne ɗaya a buɗe, ko da wani dattijon zai juyo da magana.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya sa mu ga ranar da za a sake kwana ana kiɗa a dandalin Kebbe ba tare da fargaba ba.